Ranar da Na Riga Labarin Mutuwata Shiga Ɗakin Inna

Abubuwa da yawa na ƙuruciyata sun soma ɓace mini, amma ranar da aka yi ta yi mini "Allah ya jiƙa" alhali ina zaune kan keken ɗinki, wannan kam ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ina budurwa, ina zaune wurin gwaggona a Jega Firchin. Daga firamare ban ci gaba ba. Da safe Islamiyya, da rana koyon ɗinki. Ni mutum ce mai sa abu a rai, in na kulle ƙofa sai na dawo na sake taɓa kwaɗon. Shi ya sa halin 'yan ajinmu yake ci mini rai. Ki ajiye takalminki a ƙofa, ki fito ki tarar wata ta zura ta tafi alwala. Ki buɗe ruwanki, kafin ki waiwaya ya zagaye benci. A waya abin ya fi muni, duk abin da ya faɗo guruf ɗin aji sai a tura gaba, ba mai karantawa har ƙarshe. In na yi magana su ce, "Malama ta fara wa'azi." Don haka nakan kashe wayata in jefa ta ƙasan jaka in huta.

Ran nan ana gab da tashi, abokiyata da muke benci ɗaya ta ce, "Ara mini hijabinki in yi hoto, ga nawa." Kafin in buɗe baki ta zare shi. Hijabin ruwan toka ne, ni na yi masa baki da jan zare, duk ajin an san shi. Aka tashi na neme ta na rasa, wai ta hau kabu-kabu ta tafi suna Aliero. Na sa nata na wuce shago ina ƙunƙuni.

Bayan la'asar sai ga mijin gwaggona, mahauci, ya faɗo shagon ko hannu bai wanke ba. Ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

"Ke ta? Ke ta da ranki?"

Ya miƙo mini wayarsa. Hoton babur ne kwance a gefen hanyar Aliero kusa da motar albasa, ga hijabina yashe a ƙasa da jini. Daga guruf ɗin ajinmu aka turo masa. Ta farko ta rubuta, "Wannan kamar na wance." Ta biyu ta ce, "Ita ce aka ce." Daga nan sai hotona, da addu'o'i, da fuskokin kuka. An yi ta kirana, waya a kashe.

Hankalina ya rabu biyu, tunanin abokiyata a gefe, tunanin Inna a gefe. Mahaifiyata tana Karaye ta gaban Maiyama, tana fama da hawan jini, an ma gargaɗe mu kada a riƙa tsorata ta. Kuma na san wata 'yar ajinmu tana da yaya da ke aure a can. Muka kira yayana da ke gida ɗaya da Inna, wayar ba ta shiga. Muka sake, haka.

"Hau mu tahi," in ji mijin gwaggo, yana tada babur ɗinsa.

Ban san yadda muka wuce Maiyama ba. Duk ramin da muka faɗa sai in ga Inna ta faɗi, ana yayyafa mata ruwa. Ina ta cewa, "Baba, ƙara wuta," yana cewa, "So kike labarin ya zama gaskiya?"

Muna shiga unguwarmu na hango mata tsaye cirko-cirko a ƙofar gida, suna magana ƙasa-ƙasa. Wata ta gan ni ta ja da baya tana salati. Matar yayana ta riƙe ni tana kuka, ta ce labari ya iso tun ɗazu, amma ba wadda ta iya faɗi, sai aka aika aka ɗauko tsohuwar da kan kai irin wannan saƙo. Ta riga ta shiga.

Na ratsa tsakar gida da gudu. Daga bakin ƙofa na ji muryar tsohuwar a hankali: "Ina gajiya? Ya ƙarfin jiki? To, madalla. Duniya dai sai haƙuri..." Ashe gaisuwa take yi har yanzu, tana lallaɓa hanya.

Na ɗaga labule na faɗa ciki. Tsohuwa ta dube ni, bakinta a buɗe, carbinta ya zame ƙasa. Inna kuwa tana zaune tana tsince wake, ta ɗago ta harare ni.

"Ke, mi ya koro ki? Babu ko sallama? Haka aka koya muku a Jega?"

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na durƙusa na rungume ƙafafunta. Tsohuwa ta tattara zanenta ta ce, "Ni dai gaisuwa ta kawo ni, kuma na gaisa." Sai da Inna ta sha maganinta, hannuna cikin nata, sannan aka ba ta labari kaɗan-kaɗan.

Abokiyata ta rayu. Ƙafa ce ta karye, masu ɗorin Aliero suka gyara ta. Waɗanda suka tura saƙon kuwa kowacce cewa ta yi, "Ni ma turo mini aka yi."

Yanzu na girma, har yau ina da tsoro, amma na san inda ya kamata in ajiye shi. Duk saƙon da ya shigo mini, kafin yatsana ya taɓa shi nakan tuna cewa a ƙarshen hanyarsa akwai wata uwa zaune ba ta san komai ba. Mu da muke da waya mun kusa kashe Inna da sauri. Tsohuwar nan da ba ta iya karatu ba ita ta tsirar da ita da doguwar gaisuwa.