Inuwar Bangon Sharafiyya

Abin da na sani game da ƙasar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, a bakin wani mai shayi na ji shi, a unguwar Sharafiyya ta Jidda, lokacin ina budurwa. Bahaushen Sudan ne, ya yi shekaru yana dafa abinci a jiragen ruwa kafin ƙafarsa ta yi ciwo ya sauka a Jidda. Kawu nake ce masa. Bencinsa na tsallaken hanya, inda rana take kwana. Ni da Gwaggona, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, muna wannan ɓangaren, a inuwar bangon wani kanti, dukkan a bakin Larabawa, muna sayar da sobiya da zoborodo mai sanyi.

Kowace safiya ake kawo mana ƙanƙara a amalanke, an naɗe ta da buhu. In ina fasa ta, Kawu yakan leƙo ya ce wannan ai yarinyar ƙanƙara ce, shi ya ga uwarta. Ya ce bai taka ƙasar ba, amma ya hango ta daga jirgi, fara fat, ba bishiya ba gida. Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da ƙananan littattafan soyayya na Masar da ake sayarwa a gefen kasuwa. Sai in zauna ina zana wani saurayi mai idon barewa tsaye a kan farin dutse, iska na kaɗa mayafinsa, yana jirana. Kawu ya ce babu saurayi a can, sai sojoji da masu awo da haɓo ya dame su.

Shi ya gaya mini yadda ƙasashe suke ja a kanta. Ingila ta ce ita ta fara gani. Ajantina da Chili suka ce ai a ƙarƙashin ƙafarsu take, sun fi kowa kusa. Kowa ya je ya kafa tuta, na baya ya zo ya tuge ya kafa tasa, duk don ana zaton akwai arziki a binne. Daga baya suka gane tuta ba ta gardama, sai kowace ƙasa ta gina bukka ta ajiye mutanenta, su yi watanni cikin duhu da sanyi, don kawai a ce da mai wuri a wurin.

A shekarar ne baladiyya, hukumar gari, ta fara haƙa don kawo famfo daidai ƙarshen bangonmu. Duk mai sana'ar ruwa ya san abin da wannan yake nufi: wurin da ke kusa da famfo zai fi ko'ina daraja. Kawu ya fara cewa, cikin wasa, wai kafin a gina kantin, wansa ya taɓa ɗaure jaki a nan. Ya ƙara da cewa mai kantin kafilinsa ne, wato wanda ya tsaya masa a wajen hukuma, bango nasa, inuwar bango ma tasa. Gwaggo ta ce in haka ne ya naɗe inuwar ya kai masa gida.

Sai aikin hajji ya zo, cikin tsananin zafi. Mutanenmu duk shekara sukan tafi Makka da Mina neman aiki, Jidda ta zama kufai. Al'adar masu talla ita ce ka ajiye dutse a wurinka, ka kifa gwangwani a kai, ba mai taɓawa har ka dawo. Gwaggo ta ajiye nata. A wannan shekarar ce kuma ta yarda ta tafi da ni karo na farko. Na ɗinka sabuwar riga. Na riga na gama tsarawa a raina cewa a cikin taron nan wani zai roƙe ni ruwa, idonmu ya haɗu.

Ranar tafiya na ga Kawu bai ɗaure kayansa ba. Ya ce ƙafa ta hana shi. Yana maganar, idonsa na kan ramin famfo. Na koma na ce wa Gwaggo ba zan je ba. Ta ce tun kakanninmu ba a taɓa ɗage dutsen wani ba, ina so in mai da dattijo ɓarawo. Ta zage ni, ta ce littattafan nan sun cinye mini kai. Da ta ga motar za ta tashi, ta ce halas, shi ke nan, in zauna in gasu.

Washegari da hantsi na iso da tuluna, na tarar an mirgine dutsen zuwa bakin kwata, bencin Kawu rabinsa a inuwarmu. Na shimfiɗa tabarma daidai inda dutsen yake, har gefenta na taɓa ƙafar bencin, na zauna.

"Ya binti, 'yata, ba ki tafi ba?"

"Ban tafi ba, Kawu."

"Dutsen nan yara ne suka ture shi."

"Yaran duk suna Mina."

Ya yi dariya, ya zuba shayi ya miƙo mini. Na ce na gode, na ƙoshi. Na san in na sha, na zama baƙuwarsa.

Haka muka zauna har aka gama aikin hajji. Titi ba kowa sai awaki da kyanwoyi. Ƙanƙarata tana narkewa cikin buhu, ruwan na bin ƙasa har ƙarƙashin bencinsa. Da azahar inuwar takan tsuke ta koma kamar zare, ƙarfen awarwarona ya yi zafi har ya ƙona ni, amma ban matsa ba. Salla ma a kan tabarmar nake yi. In zai tafi masallaci sai ya ce in duba masa butar shayi, in duba. Ya gwada lallashi, ya ce mu raba, shi safe ni yamma. Ya gwada tsoratarwa, ya ce shi yana da iƙama, takardar zama, da kafili, ni fa? Na ce a garin nan aka binne cibiyata, kafilina ke nan.

Ranar da motocin farko suka fara dawowa, ya dube ni, fuskata ta yi baƙi, leɓena ya tsattsage.

"Wa ya koya miki taurin kai haka?"

"Kai ne, Kawu."

Ya daɗe yana goge kofi ɗaya. Sannan ya ce in kama masa ɗaya gefen bencin. Muka tsallaka da shi tare, ya roƙi in riƙa bari ya ɗebi ruwa in famfo ya zo. Na ce ruwa na kowa ne.

Gwaggo ta dawo ba ta gode mini ba. Ta yi faɗan ƙanƙarar da na ɓarnatar, ta shafa mini man shanu a fuska tana mita. Amma da shekara ta zagayo, ta ɗaure kayanta ita kaɗai, ta bar mini tsaron wurin ba ta ko tambaye ni ba. Ban ga Mina ba sai bayan da aka rushe bangon don faɗaɗa hanya, lokacin ina goye da ɗana na biyu.