Kwanona a Tabarmar Ciyayya

A shekarun da hatsi ya yi tsadar da magidanta suka koma awo da gwangwani, a lokacin ne likita ya raba ni da tuwo. Ciwon suga, in ji shi. Ba tuwon dawa, ba fura, kunu ma sai ɗan kurɓi. Ni da na tashi a ƙauyenmu na wajen Kunci, inda in ba ka ci tuwo ba, to ba ka ci abinci ba.

A unguwarmu maza ciyayya muke yi. Bayan sallar isha'i kowa zai fito da kwanon gidansa zuwa ƙofar gidan yayana, a jera a tabarma, a ci na wannan a koma na wancan. Nawa kwanon ya koma kwaɗon zogale da ƙuli, wani lokaci har da dafaffen ƙwai na kajin matata. Su kuwa da suka gaji da miyar da ba mai ba nama, nawa suke fara buɗewa. Kafin in yi lomar kirki an suɗe, sai in koma ɗan kallo.

Yayana na fi kallo. Ya girme ni, ya fi ni tumbi, shayinsa zaƙi kamar zuma, amma lafiyarsa ƙalau. Zai yanko loma ya zurma a miya ya haɗiye, ya yi gyatsa ya yi hamdala. Wallahi ƙyashi nake ji har maƙogwaro. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ciwon ya tsallake shi ya zaɓe ni.

Ga magani na sha, ga ciki wayam. Cikin dare sai in farka sharkaf da gumi, zuciya na dukan uku-uku. Matata ta lalubo dabino ta tura min a baki, mu jira har jiki ya dawo. Ta bayan katanga kuwa munsharin yayana ne ke tashi, hankali kwance.

Ma'aikaciyar asibiti ta ce sugana ne ke faɗuwa, kuma irin wannan kan tafi da mutum cikin barci, don haka lallai in riƙa cin abincina sosai da dare. To amma da wane baki zan ce wa maza su cire hannu daga kwanona? Kunya ta hana ni. Matata ce ta yanke magana, washegarin daren da ta yi ta jijjiga ni ban gane ta ba.

"Malam, kwanon nan ya daina fita. Ba zan yi takaba saboda kunyarka ba."

Na koma ci a ɗaki ni kaɗai kamar mai jego, kuma na san gaskiyarta ce. Duk da haka ranar farko na yi ta kasa kunne, ko wani zai yi cigiyata. Ana ta hira ana dariya. Can na jiyo muryar yayana, baki cike da tuwo:

"Wai yau zogalen bai fito ba ne?"