Baba Bitrus da Katunansa

Ina cikin bas a unguwar Aldwych, nan birnin da nake zaune a Ingila, ranar Talata da hantsi Daniel ya kira ni. Da Turanci ya faɗa mini, don Hausarsa ta ji ce kawai: mahaifinsa, Baba Bitrus, ya rasu. Kwana biyu yana kwance a flat ɗinsa kafin maƙwabciya ta lura ba a ɗaga labule ba.

Shekara tara muka yi gadi tare da Baba a wata kwaleji a Bloomsbury. Mutumin Jos ne, marar yawan magana, matarsa ta daɗe da rasuwa. Idan sabon ɗalibi ya iso daga gida da 'yar shara cikin hunturu, Baba kan tuɓe rigar sanyinsa ya ce, "Sa, ɗana. Mura ba ta san kunya ba."

Abu ɗaya ke sake masa baki: tsofaffin katunan hoton wani ɗan wasan baseball, ƙwallon sandar nan ta Amurka. Yana aji uku malamin mishan ya ba shi na farko, don ya zo na ɗaya a lissafi. Bai taɓa ganin mutumin yana wasa ba, amma ya bi katunansa shekara da shekaru a kasuwannin tsofaffin kaya, ya jera su a albam.

Na taɓa tambayarsa, "Baba, me ka gani a jikin mutumin nan?"

Ya ce, "Ayuba, dubi fuskarsa. A katin farko yaro ne, a na ƙarshe ya gaji. Tare muka tsufa."

Kowace Asabar nakan raka shi kasuwa. Da na yi aure na fara yi masa cancel, ina cewa ba zan samu zuwa ba, har ya daina tambaya. Watan jiya ya bar mini saƙo a waya: "Na samo wani. In ka samu sarari ka zo ka gani." Ban samu sarari ba. Gaskiya, ban nema ba.

Ranar da muke kwashe kayansa don council, hukumar da ta ba shi haya, za ta karɓi flat ɗinta, Daniel ya miƙo mini albam ɗin, ya ce shi bai san mutumin ba. Na zauna a bakin gado ina neman sabon katin. Na kasa gane wanne ne, kuma babu wanda zan tambaya.

Ubangiji ya ji ƙanka, Baba, ya gafarta maka, ya karɓe ka cikin hutunsa. Ya ta'azantar da Daniel da ƙannenka da ke Jos. Mu kuma da muka rage a ƙasar nan, Allah ya sa mu riƙa leƙa juna tun da ranmu. Amin.