Gudiya, Mai Tsaron Takobin Manzo Bulus

Shekara talatin da shida ke nan, kafin kasuwar Jega ta cika da hayaniya, Gudiya takan buɗe ƙofar ƙaramin cocinmu, ta share shi, sannan ta ɗauki tsumma mai laushi ta bi hotunan manzanni da ke jikin bango ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta iya karanta sunan kowa ba, amma ba ta taɓa ruɗa wani da wani ba. Mai riƙe da mabuɗai, Bitrus ne. Mai gicciye a karkace, Andarawus. Mai sanƙo da littafi da takobi, Bulus. Da wannan sani ta koyar da matan da ke zuwa daga ƙauyukan Maiyama da Aliero, waɗanda bangon ne kaɗai littafinsu.

Ina rubuta wannan ne raina a ɓace. A bana sabon kwamitin coci ya zauna, ba tare da tuntuɓar dattawa ba, ya yanke cewa a shafe takobin hannun Bulus, wai kada maƙwabtanmu Musulmi su ɗauka barazana ce. Ba haka muka gada ba. Shekarar da iska ta yaye rufin nan, sai da aka ji ta bakin kowa kafin a taɓa bangon, kuma mai shara aka fara tambaya.

Suka kira Sa'idu, mai zanen manyan motoci a tasha. Ya iso da fentinsa, ya tarar da Gudiya zaune a kan benci, ta jingina da bangon.

"Mama, ki matsa," in ji shugaban kwamiti.

"Ɗana, in kun cire takobin, wa ya saura? Wani tsoho mai sanƙo. Bai sari kowa da shi ba. Da shi aka sare masa kai."

"Aikinki tsintsiya ne, ba wa'azi ba. Kawo makullin."

Ta kwance shi daga bakin zanenta ta miƙa masa, amma ba ta tashi ba.

Hayaniyar ta jawo Lauwali mahauci, wanda rumfarsa ke kallon tagar cocin. Ya tsaya daga waje, ya ji abin da ake ciki, ya ce: "Don mu kunka yi wanga? Wa kunka tambaya? Tun ina matashi Inna Gudiya ta hwaɗa min labarin mutumin nan. Ni da nike kwana da wuƙaƙe, takobin fenti za shi firgita ni?"

Sa'idu ya rufe gwangwaninsa, ya ce shi ba ya ɓata zanen da ya girme shi, ya tafi.

Takobin yana nan. Makullin ne bai dawo ba. An sallami Gudiya babu takarda, babu taro, babu ko na gode, alhali mun sha yi wa waɗanda ba su kai rabin hidimarta ba biki.

Gudiya, ke ce kika san abin da masu ilimi suka manta. Ke ce kika san maƙwabtanmu fiye da masu jin tsoronsu, domin kin yi musu bayani, kin kuma gaishe su kowace safiya. A madadin waɗanda suka kasa buɗe baki, na gode miki. Allah ya saka.

Matasa, ku koyi irin nata: ku san abin da kuke tsaro, ku tambaya kafin ku shafe. Kwamiti kuwa, ku ji. Lahadin da ta wuce na ga ƙura ta kwanta a kan hotunan nan, karo na farko a shekara talatin da shida. Na ga Gudiya, bayan an tashi daga sujada, ta miƙa hannu tana goge takobin da gefen mayafinta. Ku mayar mata da makullinta.