Famfon Man Malam Isuhu

Kafin in lalace, ni mutum ne mai tsoron kuskure. Na karanta injiniyanci a Kano, na zo New York da takardata, amma aikin da na samu shi ne gyaran babura a wani ƙaramin gareji a Bronx. Nakan ɗaure noti in koma in sake duba shi. Mutanenmu masu kai saƙon abinci suka yarda da ni, suna kirana Injiniya. Ba wanda ya taɓa cewa in nuna masa kayan da na cire, domin a wurinmu wannan tambaya tamkar zargi ce ga wanda kuke sahu ɗaya a masallaci.

Ina jin ta nan ɓarnar ta shigo, ko da yake ba na son ɗora laifina a kan kowa. Da fulogi na fara: in goge tsoho in mayar, in ce sabo na sa. Daga baya wani dillalin kayan gyara ya ce zai riƙa sayen famfon mai na asali. Sai ya zama in an kawo sabis, in cire lafiyayyen famfo daga tanki in sa gajiyayye. Na riƙa gaya wa kaina cewa cikin gari ba a gudu, daga wannan danja sai waccan, gajiyayyen ma ya isa.

Malam Isuhu dattijo ne mutumin Damagaram. A Parkchester yake zaune, shagonsa kuwa yana Tompkinsville, kullum sai ya bi babbar hanya. Bayan na yi wa babur ɗinsa sabis, ba a daɗe ba ya dawo.

"Injiniya, moton nan ya koyo lalaci a hannunka. Cikin gari lafiya lau. In na hau highway na murɗa, sai ya shaƙe kamar tsoho a kan bene. In na sassauta ya dawo hayyacinsa."

Duk bakaniken da ya ji haka ya san inda zai nufa. Injin da ke lafiya a ƙaramin gudu ya gaza a babba, galibi mai ne ko iska ba sa isarsa, kuma in bayan sabis abin ya fara, wurin da aka taɓa ake fara bi. Famfonsa yana cikin akwatina a lokacin, ban kai wa dillali ba tukuna. Amma in na buɗe tanki a gabansa, zai ga abin da na sa. Sai na kaɗe matatar iska, na leƙa fulogi, na murɗa babur a tsaye, ya yi ƙara garau tunda babu nauyi a kansa.

"Wataƙila man da ka sha ne, Baba. Ban tabbata ba. Ƙara gwada shi mu gani."

"To, kai ne ɗan boko," ya ce yana dariya.

A babbar hanyar nan babur ɗin ya sake shaƙe masa, motar da ke bayansa ta kwashe shi. Ya rayu, amma an yanke ƙafarsa ta dama. Masu inshora suka buɗe tankin, suka tarar da famfon wani babur daban ɗaure da waya. 'Yan sanda suka zo gareji, sauran waɗanda na cuta su ma suka fito. Ba zan ba ku labarin kurkuku ba. Na gaji da shi tun ina ciki.

Bayan an sake ni, wata Juma'a na haɗu da shi a ƙofar wani masallaci kusa da titin Grand Concourse, yana dogara sanda. Na durƙusa.

"Tashi, Injiniya. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ran da na dawo, ka san ciwon?"

"Na sani, Baba."

Ya gyara riƙon sandarsa. "Na so in ce ka buɗe tankin, sai na ji nauyinka."

Ya ce ya yafe. Na tuba ga Allah, ina fata Ya karɓa. Yanzu wanke-wanke nake yi a gidan abinci, ban sake riƙe sifana ba.

Matasa, ƙaramin ha'inci ba ya tsayawa ƙarami, tsohon fulogi ne ya kai ni inda na je. Ku riƙa nuna wa mai kaya abin da kuka cire ko bai tambaya ba. In kuma kun san ciwon, ku faɗa tun mai shi yana tsaye a kan ƙafafunsa biyu.