Ranar da muka ɗauke wa Ammu Idrisu wurin kamun kifinsa

Akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba, a farkon shekarun saba'in, lokacin da ake faɗaɗa tashar jiragen ruwa ta Jidda. Ina aiki a jirgin da ke share wa manyan jirage hanya. Mai nutso ya sauka ya ɗaura sarƙa, mu kuma mu ja, yawanci a kai tarkacen gaɓa a yayyanka.

Aka ba mu umarnin cire wani tsohon jirgin ƙarfe da ya daɗe da nutsewa. Muna isa sai ga Ammu Idrisu, wato Baffa Idrisu, maƙwabcinmu a unguwar Karantina, zaune cikin ɗan kwalekwalensa daidai kan wurin. Shekara da shekaru unguwa na mamakin inda yake samo manyan kifayen nan, hamur da najil, shi kuwa ko matarsa bai faɗa wa ba, don masunci ba ya nuna wurinsa. Ashe murjani ne, dutsen nan mai tsirowa a ƙarƙashin teku, ya lulluɓe ƙarfen, ƙananan kifaye suka samu maɓoya, manya suka biyo su.

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. "Ya waladi, ɗana, gonata za ku tuge? Da ita nake ci da gida."

Tausayinsa ya kama ni. Na je wurin rayyis, wato shugaban jirginmu, Bahijaze mai faɗan tsiya amma zuciya fara. Na gaya masa halin da ake ciki, ya ce, "Cewa aka yi mu cire shi daga hanya. Wa ya ce ga inda za mu kai shi? Yalla, mu je!"

Muka ja shi a hankali ta ƙarƙashin ruwa, muka sake shi can kudu, nesa da hanyar jirage. Kafin aikin hajji ya zagayo kifi ya dawo.

Sai dai duk masuntan Karantina sun ga inda muka sauke shi. Ran da na je gidansa ina taƙama za a gode mini, harara na samu. "Khalas, shi ke nan, kun mai da min wuri kasuwa!" Ya daɗe yana amsa gaisuwata da ƙyar, amma bai taɓa dawowa daga teku hannu wofi ba.

Ku da kuke sababbi a wannan aiki, ku riƙe wannan: kada ku kira abu tarkace a teku sai kun tambayi wanda ke ci daga gare shi. Ina kewar tsohon nan ƙwarai. Ya rasu, unguwar ma an rushe ta, amma masunta na kiran wurin da sunansa har gobe.