Ranar da Ruwa Ya Hana Rifkatu Fita

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, ina aji biyar a firamaren ƙauyenmu, kusa da Rurum Sabon Gari. Tun da safe na kai wa Baba fura gona, na ɗaure awaki, na iso makaranta ƙafafuna duk taɓo. Ana kaɗa ƙararrawar darasin addini sai ruwa ya ɓarke. A irin wannan lokaci Rifkatu, Kirista ɗaya tilo a ajinmu, takan fita ta zauna gindin darbejiya har a gama. Bahaushiya ce kamar mu, tare muke carafke, tare muke roron gyaɗa da kaka. Ran nan ta miƙe za ta fita, Malam Sale, malaminmu na addini, ya dubi ruwan, ya ce ta koma ta zauna.

Labarin Annabi Musa yake ba mu, yadda mahaifiyarsa ta sa shi a akwati ta saki a kogi. Ya tambaye mu wa ya raine shi a fada. Kafin mu ɗaga hannu, Rifkatu ta ce 'yar Fir'auna ce. Aji ya kwashe da dariya, don mu matar Fir'auna muka sani. Malam bai yi dariya ba, bai kuma tsawata mata ba. Ya sa ta ba da labarin yadda aka koya mata a coci, ta bayar. Da ta gama ya ce, "A littafinsu 'yarsa ce, a Alƙur'ani matarsa ce. Ku riƙe naku da kyau, ku kuma san na maƙwabcinku." Daga ranar yakan ɗan tsakura mana abin da Kirista da Yahudawa suka yi imani da shi, har da mutanen Indiya masu girmama saniya, waɗanda Bello ɗan Fulani ya ce lallai mutanen kirki ne.

Maganar ta kai gidaje. Alhaji Garba, mai motar kai shanu Kudu, ya zo wurin hedimasta ya ce a canja malamin kafin ya rikita yara. Malam Sale bai musa komai ba, ya dai roƙi Alhaji ya shiga aji ya gwada mu da kansa. Alhaji ya tambaye mu farillan alwala, ya ja aya ya ce mu ƙarasa, muka ƙarasa. Sannan ya ce shi ya daɗe yana sauka a gidajen mutanen Kudu, suna shimfiɗa masa tabarmar salla, amma bai taɓa sanin me suke faɗa a addu'arsu ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Yau ni ke koyar da darasin nan a Kibiya. Ɗalibaina a waya suke jin labarin sauran addinai, yawanci cikin zagi. Nakan saurare su, in gyara musu, ba na jin tsoron kowa. Malam Sale ya rasu tun ina kwaleji, amma har gobe, in yaro ya yi mini tambaya mai wuya, muryarsa nake ji kafin tawa ta fito.